Tsibiran Hanish da Hanyar Makka

Daga 15 zuwa 17 ga Disambar 1995 sojojin Eritiriya da na Yaman suka gwabza a kan Hanish Babba, wani tsibiri a kudancin Bahar Maliya, kusan kilomita 1,000 kudu da Jidda. Babu gari a kansa, babu gona, babu rafi. Baƙin dutse ne da aman wuta ya bari tun zamanin da, sai 'yan rumfunan da masunta kan kafa su shanya kifi, su ɗinke koma, su tashi. Cikin kwana uku Eritiriya ta ƙwace shi, ta kama 'yan Yaman kimanin 200, kafin watan ya ƙare kuma ta mayar da su gida ta hannun ƙungiyar Red Cross. In aka ajiye shi kusa da yaƙin tsibiran Falkland na 1982, wanda ya ci sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255, wannan ɗan artabu ne kawai, shi ya sa littattafan tarihi kan ba shi layi biyu su wuce. Amma duk wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi har ƙarshen ƙarni na 20 akwai tsibirai a tsakiyar tekun da jirage ke bi dare da rana, ba a kuma san mai su ba, zai tarar amsar ta kai shi Makka. A ganina yaƙin Hanish bashi ne da aka daɗe ana ɗaga ranar biyansa. Bahar Maliya hanya ce ta alhazai da fatake da masunta, kuma manyan daulolin da suka yi iko da ita da gangan suka bar tsibiran tsakiyarta ba mai su, don kada ƙofar ta faɗa hannun kishiya. Da sababbin ƙasashe biyu suka zo da tuta da taswira, dole a cike gurbin, ko da bindiga ko a gaban alƙali. An gwada duka biyun, kuma hukuncin alƙalan ya fi ƙarko ne saboda sun tuna wurin hanya ne tun kafin ya zama iyaka.

Tun da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba, tsaron Harami ya rataya a kan wannan teku. A wancan zamani Makka ba ta noma abin da za ta ci; hatsinta daga Masar yake zuwa ta ruwa, baƙinta ma da yawa ta ruwa suke zuwa, saboda haka wanda ya riƙe bakin tekun ya riƙe wuyan birnin. Turawan Fotugal sun gane haka da wuri. A 1513 Afonso de Albuquerque ya shigo ta mashigin Babul Mandab ya yada zango a tsibirin Kamaran, a 1517 kuma Lopo Soares ya kai jiragensa har gaban Jidda, ya tarar da ganuwa da igwa da kwamandan jiragen yaƙi Salman Ra'is yana jiransa, ya juya ya koma Kamaran, inda ƙishirwa da cuta suka cinye masa mutane masu yawa. Darasin da aka koya a lokacin bai tsufa ba: waɗannan tsibirai suna da sauƙin kamawa, zama a kansu ne wuya. A wannan shekara ta 1517 Sharifin Makka ya yi mubaya'a ga Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya, a 1557 Turkawa suka kama Masawa a gaɓar Afirka, Sawakin ma tana hannunsu, Yaman kuma suna shiga suna fita. Matuƙar gaɓa biyu suna ƙarƙashin sarki guda, ko da a suna ne, tambayar wa ke da wane dutse a tsakiyar ruwa ba ta da mai yin ta. Masuncin Afar daga Dankaliya da takwaransa na Tihama suna haɗuwa a tsibiri ɗaya, su sha daga randa ɗaya, kowa ya kai kifinsa kasuwar da ta fi tsada, ko Hudaida ko Asab.

Bahaushe ba baƙo ne a wannan hanya ba. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga Kano ko Katsina ko Damagaram yakan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, wani ya yi shekara bakwai bai ga teku ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ayarin masu hijira ya ƙaru, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau yake amsa sunansa. Daga baya gonakin auduga na Jazira suka zama wurin da takari ke tara kuɗin jirgi. Abin lura shi ne yadda suke ƙetare ruwan. Gwamnatin Ingila a Sudan ta so kowa ya bi ta Sawakin, a yi masa lamba, a killace shi, ya nuna fasfo, ya ajiye kuɗin komowa. Talakan da ba shi da wannan hali sai ya zame ya gangara Masawa, wadda ke hannun Italiya tun 1885, ya shiga jirgin katako mai filafilai cikin dare, a cunkushe su da tulunan ruwa da ƙunshin garin dawa, a sauke su a gaɓar Ƙunfuza ko Lis, su ƙarasa Makka a ƙafa. Jikokinsu ne ake samu yau a unguwanni irin su Misfala da Jarwal, masu amsa sunan Hausawi. Hanyarsu ta fi bi ta wajen tsibiran Dahlak, arewa da Hanish sosai, don haka ba za a ce sun san dutsen da aka yi yaƙi a kansa ba. Abin da labarinsu ke nunawa shi ne, har cikin shekarun 1930 talaka yana kallon wannan teku a matsayin mashigi, kuma duk lokacin da wata hukuma ta toshe ƙofa ɗaya sai ya sami wata.

Abin da ya fara kawo hukuma ta zauna a kan tsibiran shi ne annoba. A hajjin 1865 kwalara ta ɓarke a Makka, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta kashe alhazai 15,000 cikin kimanin 90,000, sannan ta bi masu komawa zuwa Masar, daga can ta shiga Turai. A 1866 aka yi taron lafiya na ƙasa da ƙasa a Istanbul, aikin hajji ne kan gaba a zancen. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, tekun da da can lungu ne ya zama babban titin da ya haɗa Turai da Indiya, sai tsoron ya ninka. A 1882 Turkawa suka buɗe sansanin killace alhazai a Kamaran. Jirgin da ya taso daga Bombay ko Jawa ba ya wucewa Jidda kai tsaye: sai ya tsaya, a sauke mutane da kwale-kwale, a raba maza da mata, a yi musu wanka, a zuba tufafinsu da shimfiɗunsu cikin tukunyar tururi, a tsare su kwanaki a bukkoki ana duban ko wani zai fara amai da gudawa. Alhazan Indiya sun yi ta kuka da wannan wuri, suna cewa lafiyayye ma a can yake ɗaukar ciwo. A farkon ƙarni na 20 kuma wani kamfanin Faransa, da izinin Turkawa, ya gina hasumiyoyin fitila a Jabal Ɗair da Zubair da Abu Ali don jirage su daina karo da duwatsu. Ingila ta riga ta dafe tsibirin Mayyun, wanda Turawa ke kira Perim, a bakin Babul Mandab tun 1857. To ga yadda mulki ya fara taka waɗannan duwatsu: likita, mai kunna fitila, da ɗan sojan da ke gadinsu. Duka ukun masu yi wa hanya hidima ne, babu wanda ya zo da niyyar zama.

Nan ne gurbin ya samo asali. A 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta kori Turkawa daga Kamaran da tsibiran fitilu. Da aka zo yarjejeniyar Lausanne a 1923, sashe na 16 ya ce Turkiyya ta saki duk haƙƙinta a kan yankuna da tsibiran da ke wajen sababbin iyakokinta, makomarsu kuma waɗanda abin ya shafa ne za su daidaita. Ba a faɗi su wane ne abin ya shafa ba, ba a kuma sa rana ba. Wannan ba mantuwa ba ce. Ingila ba ta son Italiya, wadda ke zaune a Eritiriya tana kuma zawarcin Imam Yahya na Yaman, ta sami gindin zama a gefen Larabawa; Italiya ba ta son Ingila ta mayar da tekun tafkinta; su biyun kuma ba su yarda a miƙa wa Imam ba, don kowa na tsoron gobe ya jinginar wa ɗayan. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Rum ranar 16 ga Afrilun 1938. Sun amince babu wanda zai ɗora ikonsa ko ya gina sansanin yaƙi a kan tsoffin tsibiran Turkawa, sannan suka keɓe dalilai uku da za su halatta wa ma'aikaci zama a can: jami'an Ingila a Kamaran don kula da lafiyar alhazan Makka, jami'an Italiya a Hanish Babba da Hanish Ƙarama da Jabal Zuƙar don kare masunta, da masu kula da fitilu a sauran. Alhaji, masunci, fitila. Daulolin mallaka biyu, a lokacin da kwaɗayinsu ya kai maƙura, sun rubuta da hannunsu cewa amfanin waɗannan tsibirai bai wuce hidimar masu wucewa ba, kuma suka bar maganar mallaka a rataye.

Yana da kyau a dubi abin da ya faru a ɓangaren da ba a bari a rataye ba. Tsibiran Farasan, da ke gaban Jizan, suna ƙarƙashin masarautar Idrisawa ta Asir. A 1926 aka ƙulla yarjejeniyar Makka, wadda ta sa Idrisawa ƙarƙashin kariyar Sarki Abdul'aziz, daga nan ƙasarsu ta narke cikin Saudiyya. Imam Yahya bai yarda ba, aka yi yaƙi a 1934, dakarun Saudiyya ƙarƙashin Yarima Faisal suka kai har Hudaida, aka rufe da yarjejeniyar Ɗa'ifa a watan Mayu. Zafin wannan yaƙi ya biyo Sarki har cikin Harami: a watan Maris na 1935, ranar Babbar Salla, wasu 'yan Yaman uku suka auka masa da wuƙaƙe yana ɗawafi, ɗansa Sa'ud ya tare da jikinsa ya sami rauni. Duk da wannan ɗaci, Farasan ta sami mai ita, kuma ba a sake yaƙi a kanta ba. Inda Ɗa'ifa ta yi shiru, wato iyakar cikin ruwa, nan ne wuta ta sake tashi bayan shekara 64: a Yulin 1998 sojojin Saudiyya da na Yaman suka yi musayar wuta a kan ɗan tsibirin Duwaima, Yaman ta ce an kashe mata mutum 3, sai da yarjejeniyar Jidda ta 12 ga Yunin 2000 ta ja layin har cikin teku aka huta. Tsibiran Tiran da Sanafir a can arewa ma haka: Masar ta sa sojoji a kansu a 1950 da sanin Saudiyya ba tare da an tantance mai su ba, rufe mashiginsu ya zama sanadin yaƙinta da Isra'ila na 1967, kuma da aka zo mayar da su ga Saudiyya a 2016 sai da aka yi zanga-zanga a Alƙahira da shari'a har hawa uku. Ko'ina ka duba a wannan teku, rikici yana fitowa ne daidai inda magabata suka ce a bari sai gaba.

A kudu kuwa gaban ta yi nisa. Italiya ta saki duk da'awarta a yarjejeniyar sulhu ta 1947. Sansanin Kamaran ya mutu a farkon shekarun 1950 da Saudiyya ta ɗauki nauyin duba lafiyar baƙinta da kanta. Ingila ta bar Adan a 1967, amma ta ci gaba da kula da fitilun da kuɗin da ƙasashe masu jirage ke haɗawa, har 1989 da Yaman ta ce za ta karɓa, Habasha kuma, wadda Eritiriya ke ƙarƙashinta a lokacin, ba ta ce uffan ba. A tsakanin nan kowa ya yi amfani da tsibiran yadda ya ga dama: jiragen yaƙin Habasha suna sintiri, 'yan tawayen Eritiriya suna ɓoye makamai suna ƙetarawa da yardar Yaman, Masar ta toshe Babul Mandab a yaƙin Oktoban 1973. Sai ga Yaman ta haɗe a 1990, Eritiriya ta sami 'yanci a 1993, kowace da shugaban da ya fito daga bariki ko daji, Ali Abdullah Saleh a San'a, Isaias Afwerki a Asmara, kowace tana ɗokin nuna wa duniya iyakar gidanta. A 1995 Yaman ta ba wani kamfanin Jamus izinin gina masaukin masu yawon buɗe ido da ninƙaya a Hanish Babba, ta tura sojoji su yi gadi. A Nuwamba Eritiriya ta ce a kwashe. Aka yi zama bai haifar da komai ba, a Disamba bindiga ta yi magana. Otal ne ya kunna wutar, kuma ba abin mamaki ba ne, domin otal gini ne na mai zama. Rumfar masunci ba ta cewa wurin nawa ne. Tubali da siminti suna cewa.

Mai suka zai ce wannan duk kewaye ne. A 1995 ba wanda ya yi tunanin alhazai, waɗanda tuni suka koma jirgin sama. Abin da ke gaban ƙasashen biyu shi ne man fetur da ake zaton yana ƙarƙashin ruwa, da kifi, da iko a kan hanyar tankokin mai, wasu jaridun Larabawa ma sun ce Isra'ila ce ta zuga Eritiriya don ta sami ido a Babul Mandab. Rabin wannan gaskiya ne, kuma ba na musunsa. Dokar teku ta 1982 ta mayar da kowane tsibiri abin awo, wanda ya mallake shi yana iya jan iyakarsa ta ruwa gaba, saboda haka dutsen da jiya ba ya da daraja yau ya zama takardar filin teku. Zancen Isra'ila kuwa, ƙasashen biyu da aka zarga sun musa, masu zargin ma ba su ajiye hujja a faifai ba. Amma kwaɗayin mai yana bayyana dalilin da ya sa aka so tsibiran ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa kowane ɓangare ya yi imani da gaske cewa nasa ne ba. Ana zaton mai a kusa da Dahlak da Farasan ma, an ma haƙa rijiyar gwaji a Farasan tun shekarun 1920, amma ba wanda ya kai musu hari, domin an san masu su. Ɓarawo ba ya jayayya a kan akuyar da ke ɗaure. A kan wadda ke yawo ba shaida ake rantse-rantse. Abin da ya bar Hanish tana yawo shi ne tarihin da aka zayyana a sama.

Da Faransa ta shiga tsakani ta hannun jakadanta Francis Gutmann, aka sa hannu a Paris ranar 21 ga Mayun 1996 cewa za a kai maganar gaban alƙalan sasanci. Sulhun ya kusa wargajewa a Agusta da Eritiriya ta sa ƙafa a Hanish Ƙarama, sai ta janye bayan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsawatar. Alƙalai biyar suka zauna a Landan ƙarƙashin Sir Robert Jennings: Eritiriya ta zaɓi Stephen Schwebel da Rosalyn Higgins, Yaman ta zaɓi Keith Highet da Ahmed El-Kosheri na Masar. Yaman ta zo da tsohon tarihi, ta ce tsibiran na ƙasar Imamai ne tun kafin Turkawa, da Turkawa suka tafi sai su koma gidansu. Eritiriya ta zo da gado, ta ce Italiya ta mallake su, Habasha ta gada, ita kuma ta gaji Habasha. A hukuncin 9 ga Oktoban 1998 alƙalan suka ture duka biyun. Sun ce Lausanne ta yanke igiyar da Yaman ke son ɗaurawa, Italiya kuma ba ta taɓa mallakar abin da za ta bar wa wani ba. Da babu takarda, sai suka koma duban wa ya fi nuna alamun hukuma a shekarun baya-bayan nan, kuma abin da suka auna ƙanana ne ƙwarai: wa ke kula da fitila, wa ya ba masu binciken kimiyya izinin sauka, da iznin wa kamfanin Total ya share filin saukar jirgi a Hanish Babba. Da wannan ma'auni Yaman ta sami Zuƙar da Hanish da Zubair da Jabal Ɗair, Eritiriya ta sami Muhabbaka da Haycock da wasu duwatsu da ke kusa da gaɓarta. Ranar 1 ga Nuwamba Eritiriya ta sauke tutarta ta fita.

Inda hukuncin ya yi abin da ba a saba gani ba shi ne sharaɗin da ya ɗora wa mai nasara. Alƙalan sun lura cewa tunanin Turawa na ƙasa mai iyaka da mai ita guda baƙo ne ga mutanen da suka tashi cikin al'adar Musulunci a wannan yanki, waɗanda suka saba da teku da tsibirai a matsayin abin kowa. Saboda haka suka ce ikon Yaman yana tafe da wajibin barin tsarin kamun kifi na gargajiya ya ci gaba. A kashi na biyu na hukuncin, ranar 17 ga Disambar 1999, bayan sun ja layin iyaka a tsakiyar ruwa, sun fayyace ma'anar wannan: ƙaramin masunci, ɗan Eritiriya ne ko ɗan Yaman, yana da haƙƙin ya yi su a kewayen tsibiran, ya sauka ya shanya kifinsa, ya fake wa iska, ya gyara jirginsa, ya kai kamunsa kasuwar kowace gaɓa. Duk wanda ya san burtali a ƙasar Hausa ya san wannan hikima: gona tana da mai ita, amma hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki ta girmi mai gonar, ranar da ya shuke ta kuwa ranar ce fitina ke farawa. Abin da alƙalan suka yi shi ne raba mallaka da amfani, suka ba ƙasa tuta, suka bar wa talaka hanyarsa.

Akwai suka biyu da suka fi ta farko nauyi. Ta ɗaya ita ce, wannan teku da ake yabon sakewarta ba aljanna ba ce. Jiragen da ke tsallakar da takari cikin dare su ne ke tsallakar da bayi, kuma rahotannin ofishin jakadancin Ingila a Jidda a shekarun 1920 cike suke da labarin 'yan Afirka ta Yamma da aka yaudara da sunan hajji aka sayar. Saudiyya da Yaman sai 1962 suka haramta bauta. Inda babu hukuma, mai ƙarfi ne hukuma. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ban ce da an bar tsibiran ba mai su har abada ba. Rashin mai su ne ya jawo yaƙin. Abin da nake karewa shi ne a sami wanda za a tuhuma in an yi ɓarna, ba tare da an ba shi ikon rufe ƙofa ba. Suka ta biyu ita ce, Eritiriya ba don girmama shari'a ta janye ba: tun Mayun 1998 ta shiga yaƙi da Habasha a kan Badme, yaƙin da ya ci dubun dubatar rayuka, ba ta da halin riƙe gaba biyu. Wannan ma ba a musunsa. Sai dai ƙasar da ta matsu tana buƙatar ƙofar fita da ba za ta zubar mata da mutunci ba, hukuncin kuma ya ba ta: shugabanta yana iya cewa an rasa dutse amma masuntanmu ba su rasa ruwa ba. Da an ba Yaman komai da komai, da wuya a ce janyewar za ta zo cikin mako uku, ko ta ɗore bayan an gama da Habasha.

Mai karatu a Najeriya da Nijar yana da abin kwatantawa a gida. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun yi artabu a kan tsibiran Tafkin Chadi, lokacin Janar Muhammadu Buhari yana kwamandan runduna ta uku a Jos. Da tafkin ya ja baya, masunta Hausawa da Barebari da Shuwa suka bi ruwa suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumar Najeriya ta biyo su da makaranta da haraji. Amma a hukuncin 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ce takardun Turawa ne abin bi, na 1913 a kan Bakassi, na 1931 a kan tafkin, sai Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 ga Kamaru a Disambar 2003, Bakassi kuma ta bi baya a 2008. A 2005 kotun ta ba Nijar tsibirin Lete da ta daɗe tana ja da Benin a kansa, nan ma da duban yadda Faransa ta bar wurin. A waɗannan shari'u Bature ya bar takarda, don haka zaman mutane da sana'arsu ba su iya kayar da ita ba, sai dai a roƙa musu kariya daga baya, kamar yadda aka yi a yarjejeniyar Greentree ta 2006. A Hanish Bature ya ƙi rubuta mai wurin, wannan ƙin ne ya jawo jini, shi ne kuma ya tilasta wa alƙalai su saurari masunci, su sa haƙƙinsa cikin jikin hukuncin maimakon a rataya shi a gefe.

Ba a ce takardar ta hana zalunci ba. Tun bayan 1999 masuntan Hudaida da Khokha suna kukan sojojin ruwan Eritiriya na kama su da jiragensu, suna tsare su watanni, ɓangarorin biyu kuma suna saɓani a kan ko haƙƙin su ɗin ya shafi ruwan da ke jikin gaɓar Eritiriya. Yaƙin Yaman ya ƙara dagula lissafi: a Disambar 2015 dakarun ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta suka karɓe Hanish daga hannun 'yan tawayen Husawa, tsibiran suka koma sansanin soja, daga Nuwamban 2023 kuma Husawa suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari har manyan kamfanoni suka koma zagaye ta kudancin Afirka. Cikin duk wannan hargitsi, da Yaman ta rabu gida-gida ba ta iya kare ko babban birninta, Eritiriya ba ta sake cewa Hanish tata ce ba.